Faifan da Na Kawo wa Surukina

Daga Allah muka fito, gare shi kuma za mu koma. Baba ya riga mu ranar wata Talata da hantsi, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Baba surukina ne, mahaifin maiɗakina, mai shagon buga takardu da ke kan hanyar bakin ruwa a Yelwa. Ba zan rubuta sunansa ba. Ban taɓa kiransa ba yana raye, ba kuwa yau zan fara ba.

Kwana uku muna zaune a ƙofar gida, kuma na lura kowa da irin Baban da ya zo yi wa ta'aziyya. Masu jiragen ruwa daga wajen Ngaski sun zo tare, su abin da suka riƙe shi ne hannunsa a kan inji, tun zamanin da wasunmu ba su san hanyar kasuwa ba. Ɗayansu ya rantse cewa Baba daga tudu yake jin ƙarar inji a tsakiyar ruwa ya faɗi abin da ke damunsa. Wani fasto ya zo a kan babur daga wani ƙauye a ƙasar Shanga, ya durƙusa ya gaida Inna, matar Baba, ya ce takardun cocinsu na aure da na baftisma duk a wurin Baba suke ajiye, kuma bai taɓa zuwa nema aka ce masa ya dawo gobe ba. Wani hedimasta mai ritaya ya yi ta maimaita cewa shekara da shekaru a shagon ake buga tambayoyin jarrabawa, ba ɗalibin da ya taɓa jin ƙamshinsu kafin ranar. Gwaggo kuwa, ƙanwar Baba mai sayar da busasshen kifi, ba ta yi kuka a gaban jama'a ba. Cewa ta yi da ta laluba aljihun rigar da ya cika a cikinta, sukudireba biyu ta ciro, mutumin da ya yi wata guda ko tashi zaune ba ya iyawa. Aka yi dariya.

Ni kuma ana ta ba ni haƙuri, ana cewa na yi rashin uba, ana yabon yadda muka zauna ba a taɓa jin kanmu ba. Ina amsawa da amin, amma na san abin da ke cikina. Sau biyu na yi wa Baba ƙarya, duka a kan na'ura ɗaya, kuma na yi shekaru ina neman ranar da zan iya buɗe baki in faɗa masa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. In za a tuna da shi, gara a tuna da shi yadda yake, har da nawa kason a ciki.

Baba ba ɗan boko ba ne. Allo ya yi har ya sauke, daga baya ya shiga ajin yaƙi da jahilci don kawai ya iya karanta lambobin kayan gyara. Da gyaran injin jirgi ya fara, a ƙarƙashin wata rumfar kwano a bakin ruwa. Da ƙafafunsa suka fara ƙin sanyi sai ya koma gyaran rediyo. Lokacin da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, ya lura ba gidan da babu mai neman a buga masa takardar neman aiki zuwa Birnin Kebbi, sai ya sayi tsohuwar tafireta ya ɗauki mai bugawa. Daga tafireta aka kai injin fotokwafi, daga nan kwamfuta ɗaya, har suka zama shida. Duk tsawon tafiyar nan tambayarsa ɗaya ce in aka kawo masa sabon kaya, fitila ce ko janareta. Zai juya abin, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ce a ina ake buɗe shi. In aka ce ai ba a buɗewa, sai ya miƙa wa mai shi kayansa ya yi masa godiya. Inna ta ce agogon bangon da aka kawo musu gudummawar biki ma bai kwana ba sai da ya ga cikinsa.

Ni na shigo gidan da difloma ta kwamfuta, da kuma baki. Da safe ina ofis, da yamma ina leƙa na'urorin shago. Injiniya yake kirana, kuma har yau ban tabbatar ba ko girmamawa ce ko tsokana. Sauran zamanmu kuwa irin na surukai ne na da. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ba na zama tabarma ɗaya da shi, in ya shigo shago sai in miƙe in nemi abin yi a wajen janareta. In magana mai nauyi ta taso, maiɗakina ke ɗaukar ta daga bakina zuwa kunnensa. Ita ce ta uku a ɗakin Inna, saboda haka babu wata kunyar fari tsakaninta da ubanta, kuma ba ta taɓa kai saƙo ba tare da ta ƙara masa gishirinta ba.

Matsalar da ta taso a shago ta ajiya ce. Mutum zai zo ya ce a sake fito masa da takardar da aka buga masa bara, sai a shiga bin kwamfuta shida ɗaya bayan ɗaya, ana tambayar wa ya buga, a kan wacce. Ƙananan diski kuwa damshin bakin ruwa na cinye su, damina ɗaya ta isa. Ni na kawo shawarar a ajiye babbar kwamfuta guda a ɗakin baya, a haɗa ta da sauran da waya, duk abin da aka buga ya tafi can ya zauna. A makaranta saba muke ce mata. Da maiɗakina ta gama yi wa Baba bayani sai ya ce, ato, rumbu ke nan. Tun daga ranar ba wanda ya sake kiranta da wani suna a shagon.

Rumbu yana bukatar tsarin da zai tafiyar da shi, ba irin na kwamfutar bugawa ba. Ni a lokacin ɗaya na sani, na wani babban kamfani, wanda ake saye da lasisi. Na bugi ƙirji na ce a bar mini, zan je Kontagora in dawo da shi ranar. Na je, na zagaya shagunan kwamfuta kaf, ba wanda ke da na gaskiya. Wani ya ce sai dai a yi oda daga Kaduna a jira. Wani kuma ya yi dariya ya ce wa ke sayen na gaskiya a nan, ya zauna a gabana ya kwafa mini a faifai, ya sa a kwali, ya ce ya yi masa dabarar da ba zai taɓa tambayar lasisi ba. Na san abin da na karɓa, kada wani ya ce an yaudare ni. Abin da ya fi mini nauyi a ranar shi ne in dawo gidan surukai hannu wofi bayan cika bakin da na yi.

Da na dawo, Baba na zaune a bencinsa, maiɗakina na tsaye a bakin ƙofa. Na durƙusa na miƙa masa. Bai yi tambayarsa ta kullum ba, wata ya yi.

"Injiniya, wanga faifai na halal ne?"

"Na halal ne, Baba."

Ya miƙo mini, ya ce Allah ya sa albarka. Ƙarya ta farko ke nan, kuma ba ta ɗauke ni daƙiƙa biyu ba.

Gaskiya kuma rumbun ya yi aiki, ba zan tauye shi ba. Na haɗa shi cikin yini ɗaya, komai da hotonsa, ka danna nan ka danna can. Masu bugawa suka huta da neman takarda. Cikin 'yan watanni labari ya bazu cewa abin da aka buga a shagon Baba ba ya ɓata, har mutane suka fara kawo takardunsu don ajiya kawai. A cikinsu akwai wani dattijo daga cikin Gungawa, na ƙauyukan da aka tayar lokacin da ruwan dam ya hau. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka tsaya aka raba gonaki a sabon mazauninsu. Kowace ranar kasuwa sai ya hawo jirgi ya zo, ya zauna kusa da mai bugawa, ya riƙa faɗin iyakar gonar wane daga tsamiya kaza zuwa dutse kaza, ana bugawa. Baba da kansa yake kawo masa ruwa. Dattijon ya ce kada a fitar masa a takarda tukuna, sai ya kammala ya ji an karanta masa daga farko. Ya kammala, aka sa ranar karatu, bai zo ba. Allah ya yi masa rasuwa a makon.

Bayan arba'in ɗansa ya zo, mutum mai furfura shi ma. Rigimar iyaka ta tashi tsakanin gidaje biyu, har an zare adduna, hakimi ya ce su zo jibi da duk hujjar da suke da ita. Hujjarsu kuwa maganar tsohon nan ce, kuma ba ta ko'ina a duniya sai cikin rumbu. Na shiga ɗakin baya na kunna. Maimakon ya buɗe, sai ya fito da rubutu da Turanci cewa wannan kwafi ba na gaskiya ba ne, ba zai bar kowa ya shiga ba sai an sa lambar lasisi. Na kashe na kunna sau uku, maganar ba ta canja ba. Ina jin takun Baba na kashe allon.

Ya tambayi mene ne. Na ce wutar lantarki ce ta zo da ƙarfi ta buga shi. Ta biyu ke nan.

Ya fita ya zaunar da ɗan marigayin, ya sa aka kawo masa fura, ya ce masa da ƙarfin gwiwa ya koma gida ya dawo gobe da la'asar, maganar ubansa tana nan. Ni da na san halin da ake ciki na ji kamar in nutse, amma Baba ko gezau. Ya hau kekensa ya tafi makarantar sakandare, ya dawo da wani malamin lissafi, Bakambare, mai yawan shekaru da ƙarancin magana, wanda Baba ya taɓa gyara wa rediyo. Ashe sun daɗe suna hira a kan na'urori ban sani ba.

Malamin ya zauna ya kunna rumbu. Rubutun nan ya fito. Ya karanta, ya juyo ya dube ni, ya mayar da kansa, bai ce uffan ba, Allah ya saka masa. Ya ciro wani faifai daga jakarsa, an zana masa wani tsuntsu mai farin ciki da baƙin baya. Ya sa, ya sake kunnawa, sai kwamfutar ta tashi daga kan faifan, ba ta ko bi ta kan tsarin da ya kulle ba. Ya buga 'yan kalmomi a baƙin allo, sai ga sunayen takardunmu suna gangarowa. Kafin a kira magariba ya kwashe komai. Washegari aka fitar wa ɗan marigayin nasa, shafi goma sha wani abu, ya rungume su a ƙirji ya yi jirgi. Daga baya muka ji an sasanta a gaban hakimi ba a zubar da jinin kowa ba. Tsuntsun nan kuwa Gwaggo ce ta fara ce masa agwagwa, shi ke nan tsarin da ke kan faifan malamin ya zama mai agwagwa har yau.

Daga nan gardama ta tashi, ita ce kuma kaɗai rigimar da muka taɓa yi da Baba, duk da ba mu taɓa yin ta ido da ido ba. Mako guda maiɗakina na kai gwauro tana kai mari tsakanin gidanmu da nasu. Baba na son a sa wa rumbu mai agwagwa, ni kuwa na tsaya a kan a koma na kamfani. Da ta tambaye ni me zai hana a sake sa wanda muka riga muka saya, tunda wuta ce ta buga shi, sai na yi ta kame-kame na ce ai an yi sabon fitowa, shi ya kamata a yi oda. Amma hujjojina na gaskiya ne, kuma har gobe ina tsaye a kansu. Na kamfani duk wanda ya yi wata uku a makarantar kwamfuta zai iya lallaɓa shi. Akwai masu shi, in ya lalace akwai wanda aikinsa ne ya amsa. Mai agwagwa kuwa baƙin allo ne da rubutu, harafi ɗaya ka kuskure ka yi ɓarna, kuma a duk ƙasar Yauri mutum ɗaya muka sani da ya iya shi. Na ce ta tambayi Baba, ran da malamin nan ya bar gari, wa za mu kama.

Amsa ta dawo da daddawarta. Baba ya ce a tambayi Injiniya, su masu amsawar a ina suke zaune. In a Kaduna ne ko Legas, to shi ya yi shekaru yana gyaran injunan kamfanoni manya, bai taɓa ganin ranar da inji ya mutu a tsakiyar ruwa kamfani ya turo mutum ba. Ya ce malamin ya gaya masa na kamfani kowace kwamfutar da za ta jingina da rumbu sai an nemar mata izini, in shago ya ƙaru a sake komawa neman izini, kuma sabon fitowar ba zai zauna a tsohuwar na'urarmu ba sai an canja ta. Mai agwagwa kuwa a kan wadda muke da ita zai zauna, kuma masu shi da bakinsu suka ce a kwafa a ba kowa. Maiɗakina ta ce a nan Baba ya tsaya ya maimaita, da bakinsu. Na ji maganar har ƙashina, na ce mata ai ba wa'azi na aike ta ta ɗauko ba.

Ranar da aka yanke magana ina bayan ƙofa ina jinsu. Baba ya yi wa malamin tambayarsa ta kullum, a ina ake buɗe shi. Malamin ya ce ko'ina, domin duk rubutun da aka gina shi da shi a fili yake, wanda ya ga dama ya karanta, wanda ya iya ya gyara. Ya ƙara da cewa gaskiya dai Baba ba zai iya karanta rubutun ba, shi kansa kaɗan yake ganewa.

"Ban iya ba daban, an hana ni daban," in ji Baba. "Amanar mutane ba ta kwana a ɗakin da makullinsa ke aljihun wani. A sa shi."

Kada a ɗauka Baba ɗan gaba-dai ne. Kwamfutocin bugawa shida ya bar su a kan na kamfani, ya sa aka yi oda aka sayo na gaskiya, domin ya ce hannun masu bugawa ya saba, ba zai ɓata musu sana'a don ra'ayinsa ba. Da wani mai kemis ya zo neman shawara, ya ji manhajar da yake lura da magunguna da ita a kan na kamfani kaɗai take tashi, sai ya ce masa ya je ya sayi na kamfani da lasisinsa ya huta, kada ya biye wa tsoho. Rumbu kaɗai ya ware, saboda abin da ke cikinsa ba namu ba ne.

Kuma abin da na faɗa ya faru, ina so a rubuta wannan. Babbar firintarmu ta ƙi jituwa da mai agwagwa, mako biyu ana kwasar aiki a hannu daga wannan kwamfuta zuwa waccan, masu bugawa na tsaki. Ba a rufa shekara ba aka yi wa malamin canjin wurin aiki zuwa can wajen Zuru. Ranar da na ji na ce wa maiɗakina to ga shi nan, na kuma ji daɗin faɗa, Allah ya yafe mini. Na ɗauke hannuna daga ɗakin baya gaba ɗaya, ina jira a zo a roƙe ni.

Ba a zo ba. Ashe tun ranar da aka sa mai agwagwa Baba ya sayi littafi mai bangon kwali. Duk abin da malamin ya buga a baƙin allon nan sai ya sa shi ya tsaya, ya kwafe shi harafi bayan harafi da boko, a ƙarƙashi kuma ya rubuta da ajami abin da yake yi da lokacin da ake yin sa. Na ga littafin. Akwai shafin da ya rubuta, wannan shi ke nuna ko rumbu ya kusa cika. Akwai wanda ya zagaye da jan biro ya rubuta, wannan shara yake yi ba ya tambaya, kada a taɓa shi da yunwa ko da fushi. Mutum ya haura sittin, da tabarau ɗaure da zare, yana buga harafi ɗaya ɗaya da yatsa guda. In abu ya gagare shi sai ya rubuta wasiƙa ya ba direban motar Zuru, amsa ta dawo bayan kwana uku. Kowace Alhamis da hantsi yana kwashe duk abin da ke rumbu zuwa wata ma'ajiya ta biyu, ya naɗe ta a tsumma, ya kai gida ya sa a cikin kwallar Inna. Inna ta yi mita har ta gaji ta bar masa kwallar.

Da wasu suka buɗe shagunan bugawa a gari, suka ji labarin rumbu, sai suka fara zuwa a kaikaice suna tambaya. Baba ya kwafa musu faifan, ya ba su aron littafin su yi fotokwafi a injinsa. Gwaggo ta zo har shago ta yi masa tatas, ta ce ita ba ta taɓa nuna wa maƙwabciyarta a kasuwa inda take saro kifi ba, wannan ba kirki ba ne, sakarci ne. Ya bar ta ta gama, ya ce shi ma kyauta aka ba shi, kuma in masu iya shi suka kai biyar a Yelwa, ran da ya kwanta ciwo akwai wanda za a kira. Ta ce Allah ya shirye shi, ta ɗauki kwandonta.

Ni ma daga baya na sauko, ba wanda ya roƙe ni. Wata rana na tarar an ajiye mini kwafin littafin a kan teburina, ba saƙo ba komai. Ajamina ya yi tsatsa, sai da maiɗakina ta riƙa karanta mini ina bugawa, tana dariyar Injiniya da ke koyon kwamfuta a wurin mai gyaran rediyo. Na koya, kuma na iya. Amma duk ranar da na shiga ɗakin bayan nan sai na tuna. Na sha shirya maganar a raina, in ce bayan sallar Juma'a, in ce bayan azumi, in ce in ya dawo daga Hajji. In na zo gabansa na durƙusa sai gaisuwa kawai ta fito.

Ranar Litinin da la'asar, ana gobe zai rasu, Inna ta aiko a kira ni. Na ɗauka wani saƙo ne za a ba ni a zaure, sai ta ce in shiga ciki. Tunda na auri 'yarsu ban taɓa taka ɗakin Baba ba. Yana kwance, ya rame ƙwarai, amma idonsa garau. Ya nuna mini gefen tabarmarsa. Na tsuguna daga nesa, ya sake nunawa, na matso na zauna. Inna ta fita.

"Injiniya, faifan nan da ka kawo daga Kontagora."

Na ce, "Baba, dama ina so in..."

Ya ɗaga hannu. Ya ce ya sani tun ranar. Ya ce mutumin da ya yi shekaru a kan injin fotokwafi ba zai riƙe kwali ya kasa gane bangon da aka yi wa fotokwafi ba. Ya yi tambayar ne don ya ba ni ƙofa, da na ƙi bi ta ciki kuma, ɗiyarsa na tsaye, bai ga yadda zai mayar da mijinta maƙaryaci a gabanta ba. Ranar da rumbu ya kulle ma ya san ba wuta ba ce, domin ko fitila ɗaya ba ta ƙone a shagon ba. Ya maida numfashi, sannan ya ci gaba a hankali.

"Kai kunyata ka ji ka yi ƙarya. Ni kunyarka na ji na yi shiru, na zuba amanar mutane cikin abin da na san ba shi da tushe. Da maganar tsohon nan ta ɓace anka zubar da jini, ni za a fara tambaya kafin kai. Kuma na gan ka kana ɗauke da abin nan shekaru, kalma ɗaya ta isa in sauke maka, ban faɗa ba. Ka yafe mini."

Na sunkuyar da kai. Abin da suruki ke yi ke nan in babba na magana, kuma jikina bai san wani abu ba bayan shi. Ya jira. Ina jin yana jira. Sai Inna ta yi sallama da kwanon kunu, na miƙe da sauri don kada in ga yana sha, na ce Allah ya ƙara sauƙi, na fita. A hanya na ce wa kaina gobe da safe zan dawo in faɗa masa komai, in roƙe shi, in amsa masa. Da safe na biya ofis in sa hannu tukuna. A can aka same ni da labari.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya sa amanar da ya riƙe wa mutane ta tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani. Ya ba Inna da Gwaggo da maiɗakina haƙurin rashinsa. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya zama shaida, tunda ban iya faɗa a ɗaki mu biyu ba. Faifan ba na halal ba ne, kuma ba wuta ba ce. Na yafe, Baba. Ni ya kamata in fara roƙo.